Batun tsohon injin yankan zane da ka tambaye ni

Kai yaro, na ji saƙonka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce kana son tsohon injin yankan zane irin na zaune, mai teburi, wanda zarto ke hawa yana sauka, ka gaji da ƙaramin na hannu da ke cinye maka bakin katako, kuma wai wani ya turo maka hoton guda a WhatsApp ya ce ka aiko rabin kuɗɗi ya aje maka. To kar ka aika ko dala. Ku yaran yanzu hoto ke saida muku kaya, an shafa fenti kore an ɗauka da rana, shi ke nan hankali ya tahi. Ƙarfe ba a sayen shi sai an sa mishi hannu.

Wanda ni na sani kuma na yarda da shi Delta ne na Amurka, mai inci 24, wato wajen santimita 60 daga zarto zuwa ginshiƙin baya, ka ga faffaɗan katako na juyawa ba ya bugun komi. Tun shekarun 1930 anka fara ƙera shi a Milwaukee, cikin 1945 Rockwell ya saye kamfanin, shi ya sa za ka ga wasu da suna biyu a jiki. Akwai Walker-Turner da Powermatic, duk gida guda ne wajen ƙira: ƙarfen zubi ne tun daga ƙafa har hannu, moter na jan zarto ƙasa, wani resor, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai komawa in an ja shi, da ke cikin ɗan bututu a sama shi ke maido shi. Hegner na Jamus kuma daban yake, hannu biyu ne ke motsi tare, bai da nauyi, ya hi daɗi ga aiki mai laushi da siririn zarto, amma in ka same shi kuɗɗinshi ba naka ba ne yanzu.

Irin Delta ɗin nan na taɓa mallaka, kuma har gobe in na tuna yadda ya hita hannuna sai raina ya ɓaci. Wajen gwanjon kayan wata tsohuwar makarantar koyon sana'a na same shi, sai da ƙarti sunka kama kahin ya hau amalanke. Na wanke shi da kananzir, na zuba sabon mai cikin tukunyar ƙasa inda kurbo, ƙarfen da ke motsa zarto, ke juyawa, na sa mishi moter na nan gida. Injin nan in yana aiki za ka aje kofin shayi bisa teburinshi ba ya zuba. Duk zanen kan gadon amare da ƙofofin kabad da anka san ni da su a unguwa, shi ya yi su.

Sai wani alhaji mai kwangila ya zo, babbar riga, mota, turare, ya ce yana son zanen tagogi da na silin na babban falo a sabon gidanshi, duk da jan katako, zane irin na masallaci mai taurari da ke shiga juna. Wanga aiki kowane rami sai ka huda, ka kwance zarto ka zura ta ramin ka ɗaure, ka yanke, ka sake kwancewa, haka har ɗaruruwan ramuka. Ya ba ni abans ɗan kaɗan ya ce saura sai an ɗora, ni da kai ai ba ta ɓaci. Na tahi kasuwar Katako ta nan Yamai na ɗauko katako bashi wajen mutumen da muka daɗe muna hulɗa, da sunana da mutuncina. Lokacin zahi ne, kuran na ɗaukewa da rana, sai dare nike aiki har asuba, idona ya yi ja, yara na barci bisa buhun ƙaiƙayin katako. Munka gama munka ɗora, shi da bakinshi ya kira abokanshi suna kallo suna sa albarka. Ranar biya sai ya ce in dawo jibi. Jibi ya yi tahiya. Da ya dawo sai ga sabon zance, wai taurarin sun yi ƙanana ba haka ya ce ba, alhali zanen na nan a takarda da ya duba ya ce ya yi. Na kai magana wajen manya, ya rantse ya ce ai ya biya ni, babu takarda babu shaida, to mi za ka ce?

Mai katako kuma ya matsa, kuma da gaskiyarshi. Sai na kai injin jingina wajen wani ɗan kasuwa, munka yi da shi in na kawo kuɗɗi in ɗauki abuna. Na yi ta ƙananan ayyuka, benci, tabur ɗin makaranta, har na haɗa. Ran da na je da kuɗɗin a aljihu, sai ya ce ai abin ya tare mishi wuri, yaranshi sun kira masu sayen tsohon ƙarfe. Na bi su har can, na tarar sun sa guduma sun fasa hannun gida uku don ya hau sikeli, sun farke moter sun zare jan waya, teburin kaɗai ya rage a jingine da taya. A kilo anka saida shi, yaro. A kilo! Injin da ya girmi ubana. Gidan alhajin na nan, zanen na nan a tagoginshi, ban ƙara bin layin ba.

To shi ya sa nike ce maka wurin nema na farko wajen masu tsohon ƙarfe ne na Katako, ka yi sabo da su, ka ba su lambarka, ka ce duk injin kafinta da ya shigo su kira ka kahin guduma ta taɓa shi, ka ƙara musu bisa kuɗɗin kilo, za su kira. Sai gidajen tsofaffin kafintoci da sunka rasu, magada ba su san darajar abin ba, yana can bayan ɗaki ruwa na dukanshi. Sai kwantenonin tsofaffin kaya na Turai da ke shigowa ta Lome, nan ne za ka ga Kity da Lurem na Faransa, amma su galibi injin fira ne da zarto mai zagaye. In kana da mai zuwa Kano a duba maka Ƙofar Ruwa.

In ka samu, fara da jiki. Ka ɗan buga hannun da ƙaramar guduma, lafiyayye na ƙara kamar ƙararrawa, mai tsagewa kuwa ƙararshi a mace take. Inda ka ga sabon fenti ya yi kauri ka kankare, mastik suke cusawa. Ka shafa kananzir ka goge ka bi da alli, tsaga za ta hito da layinta. Ƙarfen zubi in ya tsage a hannu ka bar musu abinsu, kar mai walda ya ruɗe ka, girgiza za ta sake buɗe shi. Ka juya puli da hannu ka ji ko yana cijewa, ka kama maƙalin zarto na ƙasa ka girgiza gefe da gefe, in yana rawa yanka ba zai taɓa bin layi ba. Sannan maƙalan nan biyu da resor na sama da ɗan jagoran zarto, su ne dukiyar, in babu su ba ka samunsu a Yamai, kuma bulon ɗinsu na inci ne, namu na mili ba ya shiga, sai masu tur, wato injin firar ƙarfe, sun ƙera maka. Resor in ya saki za ka ga zarto na lanƙwashewa wajen hawa yana karyewa, kai kana zagin zarto alhali ba laihinshi ba ne.

Moter shi ne abin da bai dame ni ba, ku kuma shi kuke fara tambaya. Na Amurka volt 110 ne, kuran ɗin NIGELEC, kamfanin wutarmu, 220, ka soka shi kai tsaye hayaƙi za ka gani. Cire shi ka sa namu mai rabin doki da ke juyi wajen 1400 a minti, ka daidaita puli, magana ta ƙare. In na Turai ne ka karanta ɗan allon jiki, in ka ga 380 to mai layi uku ne, shagonka ba shi da shi. Batun sa zarto da ɗaure bel ba zan ɓata bakina ba, wanda ya shekara yana share mini shago bai san haƙora ƙasa suke kallo ba sai ya koma tallan ruwa.

Zarto kuma ka nemi mai santimita 13 marar ƙusa a baki, mai ɗan kauri, siririn nan bai jure wa resor. Ka sayi da yawa lokaci guda don ba kullum ake samu ba. Shi kuma mai hoton, ka ce ya hwaɗi inda injin yake, ran Lahadi bayan la'asar mu tahi tare, ka zo da guntun jan katako da alli, in ya ce ba a gwadawa mu juyo.