Dala 99 ta wanke bututun iska: abin da na gani a gidana

Assalamu alaikum. Ƙanena, barka da sabon gida, Allah ya sa an shiga a sa'a. Na ga tambayarka tun daren jiya: ka sayi gida a Kolumbus ta jihar Ohayo a Amurka, an jefo maka takarda a akwatin wasiƙa cewa za a share maka bututun iskar gidan kaf, wato waɗanda ke kai iskar injin ɗumama da sanyaya gida zuwa ɗakuna, a kan dala 99, uwargida na kukan ƙura a kan tebura, ga yarinyarku da asma. Kana so ka san ko kuɗin zai yi rana.

Sau biyu na taɓa biyan kuɗin wannan aiki. Na farko asara ce tsagwaronta.

Shekarar da muka tare, irin takardar nan taka ce ta ja ni. Mutum biyu suka zo a ƙaramar mota, da injin zuƙar ƙura wanda da kaɗan ya fi na share kafet. Ba a yi minti ashirin ba ɗaya ya hauro daga ɗakin ƙasa, ya murtuke fuska, ya miƙo mini waya da hoton wani abu baƙi ƙirin, wai fumfuna ce mai haɗari. Sai ya tambaye ni ko da yara a gidan. Nan fa ya gama da ni. Ashe dala 99 ɗin ta 'yan ƙofofin iska kaɗan ce. Sauran kowace da kuɗinta, babban bututu da nasa, feshin magani da nasa. Kafin su tafi lissafi ya haura dala 700. Bayan mako biyu ƙurar tebur tana nan daram, kuma har yau ban tabbata hoton nan a gidana aka ɗauke shi ba.

Haushin abin ne ya sa na zauna na yi karatu a kai. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da bayani tun 1997, kuma ba ta kwana-kwana ba: ba a taɓa tabbatar da cewa share bututun iska na hana wata rashin lafiya ba, ba a kuma tabbatar da cewa dattin bututu ne ke ƙara ƙura a cikin ɗakuna ba. Hukumar gidaje ta Kanada ma ta auna gidaje a shekarun 1990, kafin sharewa da bayanta, ba ta ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, a ƙurar iska ko a ƙarfin busowarta. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Ƙurar da ta manne a jikin bututu a manne take, shekara da shekaru ba ta motsi. Wadda uwargida ke gogewa daga kafet take tashi, da barguna, da tufafi, da takalman da aka shigo da su, da girki.

A nan sai ka yi haƙuri da ni, don zan taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu mutanen turaren wuta ne da suya. A gida Najeriya ko Nijar tagogi a buɗe suke, kicin ma sau da yawa a tsakar gida, hayaƙi ya tashi ya bi iska. Nan kuwa daga Nuwamba zuwa Maris gida a toshe yake ruf, iska ɗaya ce injin ɗumama gida ke zuƙa yana maidowa. A kunna kasko biyu na turare bayan magariba, a soya kaji ranar Asabar, duk a cikin iskar nan zai yi ta yawo. Filtar da ke tace iskar injin gidana, da aka rubuta wata uku a jikinta, cikin mako huɗu take yin baƙi. In don asmar yarinya ne, ni da kai ne zan fara da rage hayaƙin nan a ɗakin da take kwana, da kunna fankar saman murhu duk lokacin suya, sannan a yi maganar da likitanta. Kada dai Hajiya ta ji cewa ni na kawo shawarar turaren.

Amma akwai inda aikin ya zama dole, kuma EPA ɗin ta ambaci uku: a ga fumfuna da ido ta yaɗu a cikin bututun ƙarfe ko a jikin injin, ko ɓeraye da ƙwari sun yi gida a ciki, ko datti ya cushe har kana ganin yana fesowa daga ƙofofin iska. Na biyu da na uku ne suka same ni daga baya. Mun gyara ɗakin ƙasa, masu aiki suka yi ta gugar bango injin ɗumama na kunne, ba wanda ya rufe ƙofofin da ke zuƙar iska. Wata guda muna share farar hoda. Da na cire murfi ɗaya na leƙa, sai ga kashin ɓera a kan hodar. Wannan karon na nemi masu rajista da NADCA, ƙungiyar masu sana'ar da aka kafa a 1989. Da babbar mota suka zo, suka huda babban bututu kusa da injin suka jona wani ƙaton tiyo mai zuƙa, suka toshe ƙofofin duka, sannan suka riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya suna tura buroshi da iska mai ƙarfi, datti na tafiya mota. Suka wanke fankar injin da kwayil ɗin sanyi, suka liƙe inda suka huda. Kusan awa huɗu suka yi. Kuɗin ya faɗo cikin abin da EPA ta ƙiyasta, dala 450 zuwa 1,000 gwargwadon girman gida. To ka auna da kanka: mutum biyu, babbar mota, rabin yini, a kan dala 99?

Don haka kafin ka kira kowa, ɗauki sukudireba ka cire murfi biyu ko uku, musamman babban da ke zuƙar iska, ka zura waya da fitila ka ɗauki hoto. 'Yar ƙura mai launin toka ba komai ba ce, kowane gida na da ita. Abin da hannunka ya kai, injin share kafet ya isa.

In wani ya ce maka fumfuna ce, ce ya nuna maka wurin da idonka. Ba kowane baƙi ne fumfuna ba. Ana manna salatif a ɗebo a kai ɗakin gwaji. In ta tabbata, tambayar farko ita ce daga ina danshi ke shiga, domin in ba a tare ruwan ba za ta dawo. Bututun da aka shimfiɗa wa audugar gilashi a ciki, in ya jiƙe ya yi fumfuna, ba ya wankuwa, canja shi ake yi. Feshin magani a irin wannan bututu kuwa kada ka yarda. Duk wanda ya ce maka EPA ta ba shi shaidar wannan sana'a ƙarya yake, ba ta bayarwa. Sannan ba ka faɗi shekarar da aka gina gidan ba. In ya girmi 1980 kuma ka ga wani farin abu kamar takarda a naɗe a mahaɗar bututu, kada a taɓa sai an gwada, yana iya zama asbestos, wani kayan gini na da da ƙurarsa ke cutar da huhu.

Inda kuɗinka zai yi amfani tun yanzu: filta mai lamba MERV 8 zuwa 11 (MERV ma'aunin ƙarfin filta ne wajen kama ƙura), ka riƙa duba ta duk wata, kuma ka tabbata girmanta daidai ne ba ta bar gefe a buɗe ba. Mai lamba 13 ta fi kama ƙananan ƙura, amma tambayi mai gyara ko injinka zai iya ja da ita. A duba injin ɗumama kafin sanyi ya shigo, a sa na'urar gano iskar kabon monoksaid, wato iska mai guba marar wari, kusa da ɗakunan kwana.

Bututu ɗaya ne zan ce ka share ko ba ka leƙa ba, na injin busar da kaya. Burbushin tufafi ne ke taruwa a ciki, ga zafi, kuma yana kama wuta kamar auduga. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙiyasta gobara kusan 2,900 a shekara daga injinan nan, rashin sharewa ne kan gaba a dalilai. Tunda ba ka san yadda masu gidan na da suka riƙe shi ba, yi shi a makon nan. Buroshinsa mai dogon hannu na nan a shagunan kayan gini, da araha.

In ka ɗauki hotunan, turo su tare da lambobin da ke gefen filtarka da shekarar ginin, in duba maka in sha Allah. A gaida Hajiya, Allah ya ba yarinya lafiya.