Tambayoyinku ga Likita: Kyamarar da ke Ɗaukar Hoton Haske Yana Tafiya

Tambaya: Likita, da gaske ne an ƙera kyamarar da ke ɗaukar hoton haske yana cikin tafiya?

Amsa: Gaskiya ne. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma a shekarar 2011 masana a cibiyar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Ramesh Raskar, suka nuna ɗigon hasken leza, wato siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa, yana ratsa kwalba, ko da yake sai da suka yi ta maimaita harba hasken sannan suka harhaɗa hotunan. A 2018 kuma Lihong Wang na jami'ar Caltech ta Amurka da Jinyang Liang suka fito da wadda ke ɗaukar hoto tiriliyan 10 a daƙiƙa, a harbi ɗaya tak.

Tambaya: To, wane amfani majinyaci zai samu?

Amsa: Malam, ka ɗora tocila a tafin hannunka cikin duhu, za ka ga yatsunka sun yi jajir, amma ba za ka ga ƙashi ba. Dalili shi ne da zarar haske ya shige tsoka da kamar milimita 1, sai ya watse ta ko'ina, hoton ya dagule. Sai dai hasken da ya bi miƙaƙƙiyar hanya yana riga wanda ya yi ta kewaye-kewaye fitowa, kuma kyamara mai irin wannan sauri za ta iya ware na farkon ta bar sauran, a sami hoto mai kyau. Ana kuma fatan auna tsawon lokacin da ƙwayoyin jiki ke ƙyalli bayan an haska su, domin na sankara yakan bambanta da na lafiyayyu. A ganina nan ne amfanin ya fi kusa.

Tambaya: Na ji ƙullutu a mamana, kuma ina tsoron hoton eksire. In jira wannan kyamara?

Amsa: Hajiya, kada ki jira. Har yanzu tana ɗakunan bincike, ba ta iso asibiti ba. Akwai wata na'ura daban mai suna Imagio, mai haɗa leza da sauti, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a 2021, amma taimaka wa likita take yi kan ƙullutun da aka riga aka gano. Game da tsoronki kuwa, tururin eksire da ke shiga jiki yayin ɗaukar hoton mama kaɗan ne ƙwarai. Ki ga likita cikin makon nan a yi miki sikanin, in ta kama a ɗebi ɗan nama a gwada.