Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Asabar da Lahadi a Kan Hanya

Tambayoyin wannan makon kamar an haɗa baki aka aiko su. Kowa kukansa ɗaya ne: a kai wannan yaro darasi, a kai wancan filin ƙwallo, a leƙa biki, a duba marar lafiya, a tsaya sayayya, kafin a ankara dare ya yi ba a ɗora tukunya ba.

Tambaya: Likita, duk ƙarshen mako abincin waje muke ci ni da iyalina. Kwana biyu ne kacal, akwai wata illa? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, kwana 2 a kowane mako kwana 104 ke nan a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma mai sayar da abinci da gishiri da mai yake jawo ciniki. Ku mayar da cin abincin waje sau ɗaya a mako. In kana da hawan jini, ka je a auna ka, kada ka jira ciwon kai.

Tambaya: Yarana ba sa yarda mu fita sai an saya musu lemon kwalba. Guda nawa ne ya yi yawa? Daga wata uwa.

Amsa: Gwangwani ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da suga kusan giram 35, wajen ƙananan cokula 9. Iyakar da aka yi wa babban mutum kimanin giram 50 ce a yini, ta yaro ba ta kai haka ba. Lemon kwali ma duk tafiyarsu ɗaya. Ki cika musu gorar ruwa tun daga gida.

Tambaya: Likita, Asabar da Lahadi yarana uku ba sa cin komai sai biskit, alewa da soye-soye, don ba ma zama a gida. Ƙawata ta ce in riƙa ba su maganin wankin ciki daren Lahadi ya fitar da dattin. Na ba su, ƙaramin mai shekara 4 ya kwana yana zawo, ya wayi gari a galabaice. Ta ce alamar magani yana aiki ce. In ci gaba? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar uwa, don Allah ki daina daga yau, ki kuma kawar da kwalbar daga gidan. Wannan magana ta wankin ciki tana ci mini rai matuƙa. Na sha ganin yaro an kawo shi asibiti idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, yana kuka ba hawaye, ana neman jijiyar da za a saka masa ruwa an rasa, alhali jiya lafiyarsa ƙalau, da hannu aka ɗura masa ciwon. Na san ƙauna ce ta sa kika yi, shi ya sa zan yi miki bayani dalla-dalla.

Idan abinci ya bar tumbi, ƙaramin hanji ne yake tsotse suga da mai da duk abin da ke cikinsa, a cikin 'yan awoyi. Yawancin magungunan wankin ciki kuwa a babban hanji suke aiki, inda babu abin da ya rage sai tuƙa da ruwa. Biskit ɗin Asabar tun ranar Asabar ya shige jini. Maganin daren Lahadi ihu ne bayan hari. Abin da kika ga yana fita ruwan jikin ɗanki ne, tare da gishirin jiki irin su fotasiyam, wanda zuciya take buƙata don ta buga daidai. Tace datti aikin hanta da ƙoda ne, dare da rana suke yi ba tare da an taya su ba, kuma idan ruwa ya yi ƙasa a jiki ƙodar ce take fara wahala. Galabaitar da ƙawarki ta kira aikin magani, mu a asibiti ƙarancin ruwa muke kiranta, kuma tana kashe ƙananan yara.

Kada kuma a ce miki ai na ganye ne. Ganye ma magani ne mai ƙarfi, kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba kuwa babu wanda ya san adadin da yaro ya sha.

Yanzu ga abin yi. Ki ba shi ruwan gishiri da suga na fakiti, wato ORS, kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo. In ba ki samu ba, ki zuba suga ƙananan cokula 6 a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tsaftataccen ruwa. Kada ki ba shi lemon kwalba, sugan da ke ciki ƙara zawon yake yi. Ki ci gaba da ba shi abinci. Idan idanunsa sun faɗa, ko ya daina fitsari, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko barci ya yi masa nauyi ana tashinsa da ƙyar, ko kin ga jini a kashinsa, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ko ya warware ma, ki kai shi a duba shi, ki tafi da kwalbar likita ya gani.

Gyaran kuwa da safiyar Asabar ake yinsa. Kada yaro ya fita bai karya ba. Ki saka dafaffen ƙwai, ayaba da ruwa a jaka. Ki zauna da maigida ku cire fita ɗaya daga cikin jerin, domin yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma wanda barci bai ishe shi ba ya fi kwaɗayin kayan zaƙi.

Tambaya: Ina da ciwon suga. Ranar Asabar nakan sha magani in fita kai yara ban karya ba. Wajen hantsi sai in ji rawar jiki da gumi ina tuƙi. Daga wani uba.

Amsa: Malam, wannan ta tayar mini da hankali. Suganka ne yake faɗuwa, kuma allurar insulin da ƙwayoyin ciwon suga irin su glibenclamide suna yin haka idan aka sha ba a ci abinci ba. Mutum yakan iya suma a kan sitiyari, ga yara a baya. Da ka ji alamar ka tsaya gefen hanya, ka sha suga ƙananan cokula 3 zuwa 4 a ruwa ko rabin kofin lemo, ka jira minti 15, ka auna. In awon sugan yana ƙasa da 70 mg/dL ka maimaita, sa'an nan ka ci abinci sosai kafin ka tayar da mota. Ka gaya wa iyalinka, in ka suma kada su ɗura maka komai a baki, asibiti za su kai ka. Kada ka daina maganin da kanka, ka ga likitanka a cikin makon nan.

Tambaya: Kuɗin da muke kashewa a kwana biyun nan ya fi na sauran mako. Ina mafita? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, mai jin yunwa ba ya taya farashi, balle ga yara suna kuka a mota. Ki rubuta duk abin da aka saya a hanya na ƙarshen mako biyu, har alewa, ki nuna wa maigida. Ku ci ku ƙoshi kafin ku shiga sayayya, ku tafi da jerin abin da za a saya.

Tambaya: Zan iya dafa abincin Asabar da Lahadi tun ranar Juma'a? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: Ƙwarai kuwa. Ki saka shi a firji kafin ya yi awa 2 a waje, musamman shinkafa, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4, a ɗumama har ya yi tururi ciki da waje. In wuta ta ɗauke fiye da awa 4, mai nama ko kifi a zubar, ko da bai yi wari ba. Wanda ya ci ya kama amai da zawo da zazzaɓi, musamman yaro, tsoho ko mai juna biyu, a kai shi asibiti.