Me ya sa taya ta daɗe ba ta shiga ƙauye ba?

Tambaya: Malam, na ji an ce an ƙirƙiro taya sama da shekara 5,000 da suka wuce. To me ya sa har kwanan nan mutanen karkara a sassan duniya da yawa suke dakon kaya a ka ko a bayan dabba?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. Tun wajen shekara ta 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ake jan amalanke a yankin da Iraƙi take a yau. Sai dai taya ba ta da amfani in babu hanya, hanya kuwa ita ce ƙauye ya daɗe bai samu ba.

Dubi amalanke da damina. Tayar katako ta nutse a taɓo, shanu suna nishi, mai kaya ya sauke buhunansa ɗaya bayan ɗaya kafin a fitar da ita. A nan gefe jaki zai wuce da mangalarsa ta turbar da faɗinta bai kai kamu biyu ba, ya ratsa rafi, ya hau tudu. Shi ya sa bayan raƙumi ya yaɗu, mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka suka kusan daina amfani da amalanke na tsawon ƙarnoni. Ni dai ban ga ci baya a wannan ba, lissafi suka yi, raƙumi ya fi musu sauƙi.

Sauyin ya faro daga ƙasa. A 1816 wani injiniyan hanya mai suna John McAdam ya fara gyaran hanyoyin yankin Bristol a Ingila: a farfasa dutse ƙanana, a shimfiɗa, a ɗan ɗaga tsakiyar hanya don ruwa ya gangare gefe. Ruwan da ke kwanciya shi ne babban abokin gabar hanyar karkara, har gobe.

Daga nan sai keke mai sarƙa a 1885, tayar iska ta Dunlop a 1888, da motar Ford Model T a 1908, wadda manoman Amurka suka so saboda cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ba ya gogar ƙasa a hanyar ramuka.

Amma a ganina babur ne ya gaji jaki. Honda Super Cub ya fito a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Tayoyinsa a layi ɗaya suke, don haka turbar da jaki ya bi ta ishe shi, ya kai mara lafiya asibiti tun kafin kwalta ta iso garin.