Larabci da Turanci a waƙa ɗaya: amsa ga yarona na sutudiyo

Ɗana, tambayoyi biyu ka haɗa mini a baki ɗaya. Ka ce ka saurari Lana Lubany, ka ji tana shiga da Turanci tana fita da Larabci ba tare da kunnenka ya yi tuntuɓe ba, kana son sanin yadda ake yin haka. Sannan ka ce ka ji ba wani babban kamfani ne ya tashe ta ba, to irinta da me suke cin abinci? Ga amsar a rubuce don ka riƙa komawa kanta.

Fara da sanin ko wace ce. Bafalasɗiniya ce mai jinin Amurka, ta tashi a Yafa, tsohon garin nan na bakin Bahar Rum da ya yi suna wajen lemo, daga baya ta koma Landan da zama. Ta daɗe tana fitar da waƙoƙi da Turanci zalla ba tare da an waiwaye ta sosai ba. Muryarta da daɗi, sai dai a Landan 'yan mata masu murya da ke rera Turanci sun fi a ƙirga. A 2022 ita da mai haɗa mata kiɗa, Ben Thomson, suka fitar da waƙar THE SNAKE, wadda ta zuba Larabcin gidansu a ciki. Ta ɗauki bidiyon mahaifiyarta tana sauraron waƙar, ta ɗora a TikTok, abu ya karaɗe duniya. A 2023 ta fitar da ƙaramin kundi mai suna THE HOLY LAND, a 2024 ta biyo da YAFA, sunan garinsu ke nan, kuma a shekarar ta bi ƙungiyar The Last Dinner Party tana buɗe musu fili a yawon wasansu na Turai.

Abin da ya raba ta da sauran 'yan matan Landan shi ne harshen da ta tashi tana ji a tsakar gidansu. Larabcin nan nata ne na gado, ba aro ta yi ba, kuma shi ne jarinta. Mawaƙi mai zaman kansa ba shi da kuɗin talla, ba shi da uban gida a gidan rediyo, abin da zai sayar kawai shi ne abin da ba a samu a wurin wani. Duk aikin da zan lissafa maka a ƙasa, na fasaha da na takarda, kare wannan jarin ne.

Babban kuskuren da yara ke yi shi ne su gama waƙa tsaf da Turanci, sannan su barbaɗa mata "habibi" biyu da "yalla" ɗaya kamar mai barbaɗa yaji a kan tsire. Balarabe yana ji zai gane an yi masa wayo. Harshe yana sauyawa ne inda zuciyar waƙar ta sauya. Ka ga baiti yana ba da labari da Turanci, ana zuwa inda abin ya yi zafi sai mawaƙiya ta koma harshen uwa, domin da shi mutum ke kuka, da shi yake rantsuwa. Ana iya juya shi, Larabci ya ɗauki labarin, Turanci ya ɗauki amshi. Kowanne ka zaɓa, kowane harshe ya zama da aikin da yake yi. Kada ka faɗi magana da Turanci ka sake maimaita ta da Larabci, wannan tafinta ne, kuma mai jin harsunan biyu zai gundura tun kafin amshi na biyu.

Wurin da ya fi sauƙin sauya harshe shi ne gaɓar kiɗa: ƙarshen baiti ko bakin amshi. Sauyi a tsakiyar layi sai gwani, kuma abin da ke riƙe shi amsa-amo ne. Kalmomin Larabci da yawa suna ƙarewa da "i" ko "ni", Turanci kuma cike yake da kalmomi masu irin wannan ƙarshe, sai ka ji layin farko ya rufe da wannan harshe, na biyu ya amsa da wancan, kunne bai ankara ba. In kuwa amshin Larabci ne, ka taƙaita shi, ka cika shi da wasula masu buɗe baki, yadda yarinya a Jamus da ba ta san alif ba za ta iya bin sa.

Yanzu ga inda kai ka fi Bature sa'a. Turanci da nauyin gaɓa yake tafiya, wata a danna, wata a sassauta. Larabci da tsawo yake tafiya, madda da shadda, abin da aka dake ka a kai a Islamiyya. Hausa ma haka take, shi ya sa malamanmu suka iya ɗora rubutacciyar waƙa a kan ma'aunin Larabawa. In ka tsara kari don layin Turanci sannan ka cusa masa kalmomin Larabci, dole wani wuri ka gajarta abin da ake ja ko ka sassauta harafi mai shadda, kuma a Larabci wannan kan iya sauya ma'ana gaba ɗaya. Don haka layin Larabci ake fara rubutawa, a furta shi da baki kamar ana hira, a ji inda yake ja da inda yake tsayawa, sannan a nema masa kari.

Ka kuma san wane Larabcin. Wanda muka karanta fusha ne, na littafi da huɗuba. Akwai masu rera shi, Kazim al-Sahir na Iraƙi ya yi suna da rera waƙoƙin Nizar Ƙabbani da fusha, amma wannan wata hanya ce daban. Waƙar zamani da harshen titi ake yin ta. Shekaru da yawa na Masar ne ya mamaye kasuwa saboda fina-finai da rediyon Alƙahira, har mawaƙan wasu ƙasashe suna ajiye nasu su ari na Misirawa. Yaran yanzu da yawa sun daina wannan, da harshen garinsu suke fitowa. Lana da Larabcin Sham take yi, inda mutanen birni ba sa furta harafin ƙaf, hamza suke mayar da shi. Bamisire kuma jim ɗinsa "g" ne. Ka haɗa furucin Sham da kalmar Masar a layi ɗaya, an gama da kai a wurin masu harshen.

Sai maganar maƙam, wato jerin sautukan da ake ɗora karin waƙar Larabawa a kansu, wadda ita ce ta fi shafar hannunka. Wasu maƙamai suna zaune daidai a kan fiyanonka: Nahawand, Kurd, Hijaz. Wasu kuwa, irin su Bayati da Rast, suna da sautin da babu shi a maɓallan fiyano. Ɗauki Bayati daga re. Sauti na biyu ba mi ba ne, ba kuma baƙin maɓallin da ke ƙasansa ba ne, yana tsakaninsu. Shi ya sa Korg da Yamaha ke ƙera fiyano na musamman don kasuwar Larabawa, da 'yan maɓallai a gefe da za ka danna su sauke sautin. To ka ɗauka mawaƙiya ta shigo ta rera layi a Bayati, kai kuma ka kunna Auto-Tune, na'urar daidaita sautin murya, yadda ka saba. Kana kallon allon kwamfuta za ka ga layin muryarta yana rawa a tsakanin sautuka biyu, na'urar tana fizgarsa sama tana fizgarsa ƙasa, don a wurinta kuskure ne. Abin da zai fito ta lasifika shi ne murya mai karkarwa, daɗin duk ya zube. Ko dai ka saita na'urar ta san da wannan sautin, ko ka cire ta daga layin gaba ɗaya ka gyara da hannu. Kwarkwasar murya da Larabawa ke yi a ƙarshen layi ma haka, ka rage saurin gyara, in ba haka ba na'urar za ta goge ta. A ƙarƙashin irin wannan layi kuma kada ka danna cikakken haɗin sauti uku. Riƙe re da la kawai su yi ta gunji, ka bar murya ta yi yawonta.

Saboda wannan wahalar, yawancin masu haɗa harsunan biyu a Kurd da Nahawand da Hijaz suke tsayawa, kuma babu laifi. Sai dai ni Hijaz ya fara isata. Shi ne sautin da fina-finan Turawa ke sakawa duk lokacin da raƙumi ya bayyana, kuma duk yaron da yake son waƙarsa ta yi "Larabci" can yake rugawa.

Kiɗan ganga bai da wuya. Maƙsum, wani salon kiɗan gangar Larabawa, bugu huɗu ne, yana hawa kan kiɗan zamani lafiya lau. Ka dai lura "dum" na darbuka, gangar hannu ta Larabawa, da babbar ganga suna rigima a kan ƙasan sauti, sai ka rage wa ɗaya.

Wajen ɗaukar murya, haruffan maƙogwaro su ne tarko. Ha mai kauri iska ce zalla, kuma na'urar da ke share numfashi ba ta bambanta ta da numfashi, sai ka ji kalma ta fito babu kai. Ka bi layukan Larabci ɗaya bayan ɗaya da kunnenka. Ka zaunar da mai jin wannan karin harshen a ɗakin lokacin ɗauka, ko da bai san komai a kiɗa ba. Wajen haɗa sauti kuma ga abin da ke ba ni haushi: a bar Turanci a gaba tangaram, ana zuwa Larabci a nutsar da shi cikin amo har ba a jin kalma. Wanda ya yi haka ya nuna Larabcin ado ne a wurinsa. Muryar ta tsaya a wuri ɗaya, da ƙarfi ɗaya, a harsunan biyu.

To sai cin abinci. Mai zaman kansa yana biyan dillalin intanet, irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, su kai masa waƙa Spotify da Apple Music da sauransu. Wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu kuɗin kowace waƙa da ɗan kaso. Ga mai Larabci akwai dandalin sauraron waƙa na Anghami, wanda Eddy Maroun da Elie Habib suka kafa a Beirut a 2012, shekara shida kafin Spotify ya shiga ƙasashen Larabawa a 2018. Kasuwar tana girma, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, IFPI, ta ce a 2021 yankin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ya fi ko'ina bunƙasa, da kashi 35 cikin 100. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ba a ƙirga sauraro a Spotify sai an kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 a shekara ba ba ta samun ko sisi. Abin da ake biya kuma ya danganta da kuɗin da masu sauraro ke biya a ƙasarsu, sauraro ɗaya a Ingila ya fi ɗaya a Masar kawo kuɗi nesa ba kusa ba. A nan harshe biyu ke rana. 'Ya'yan Larabawa da aka haifa a Landan da Toronto da Michigan, waɗanda da Turanci suke karatu da Larabci ake yi musu faɗa a gida, su ne suka fi jin waƙar a jikinsu, kuma su ne ke zaune inda kuɗin yake, su ne ke sayen tikiti da riguna a bakin ƙofa.

Haƙƙi biyu ne a kowace waƙa, ka haddace. Akwai na faifan da aka ɗauka, akwai na rubutun da karin. Dillali na farkon kawai yake tara maka in ba ka nemi ƙari ba. Na biyun sai ka yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙi, a Ingila PRS, a Faransa SACEM, a nan gida MCSN. Kuma ranar da aka gama waƙa, kafin kowa ya sa takalmi, a fito da takarda a rubuta wa ya yi baiti, wa ya yi kari, wa ya yi kiɗa, kason kowa nawa, a sa hannu. Wanda ya gyara muku layin Larabci ma a yanke matsayinsa a ranar. Lokacin kowa na dariya, ba wanda ya san ko waƙar za ta tashi. In ta tashi babu takarda, zumunci ne zai fara mutuwa.

Wani ƙaramin abu da ke jawo asara shi ne rubuta suna. Larabawa in suna rubutu da boko sukan sa 3 a madadin ain, 7 a madadin ha, wasu kuma ba sa sawa. Suna ɗaya sai ya fito iri uku, mai nema ya rasa waƙar. A zaɓi rubutu ɗaya, a tsaya a kansa ko'ina, a kuma haɗa da na haruffan Larabci.

Ka ce ai TikTok ne ya yi wa Lana komai. TikTok ya buɗe ƙofa, amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Waƙoƙi nawa suka yi tashe na sati biyu masu su suka ɓace? Abin da ya riƙe Lana shi ne ta biyo da wasu waƙoƙin a kan hanya ɗaya, ta tara su kundi, ta hau dandamali ta rera a gaban mutanen da ba don ita suka zo ba. Buɗe wa wani fili ba ya kawo kuɗin kirki, wani lokaci kuɗin mota da masauki ma sai an cika daga aljihu, amma a nan ake mayar da mai latsa waya ya zama mai sayen tikiti. Mawaƙi Saint Levant, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gaza, shi ma ta ƙofar TikTok ya shigo a ƙarshen 2022, da harsuna uku ma, har da Faransanci.

Kamfani kuwa yana zuwa ne bayan an yi tashe. Issam Alnajjar na Jodan yana matashi waƙarsa ta zaga TikTok, a 2021 sai ga shi a Universal Arabic Music, kamfanin da Wassim Slaiby, manajan mawaƙi The Weeknd, ya buɗe a shekarar tare da babban kamfanin waƙa na Universal. Elyanna 'yar Nazarat ma can take, kuma a 2023 ta zama ta farko da ta yi cikakken wasa da Larabci a bikin Coachella na Amurka. Irin wannan fili da wuya mutum ya kai shi da ƙafarsa shi kaɗai, don haka ban ce maka kamfani abokin gaba ba ne. Ka dai sani kuɗin da suke ba ka a farko bashi ne, daga kasonka za a cire, kuma galibi faifan ya zama nasu. Wanda ya je teburin da masu sauraronsa da takardunsa cikakku yana iya cewa haya zai ba su na wasu shekaru, faifan ya dawo hannunsa. Wanda ya je da waƙa ɗaya da ta yi tashe jiya, abin da aka miƙo masa shi zai sa wa hannu.

Gobe in ka zo ka share ɗaki, ka kunna fiyanon nan na kusurwa, ka sauke mi da rubu'i, ka yi ta hawa da sauka daga re zuwa sol har kunnenka ya daina jin sa a matsayin kuskure. Bayan azahar zan ba ka murya ɗaya ka haɗa mini ita sau biyu, da Auto-Tune da kuma babu, mu saurara tare.