Filin Tambayoyin Manoma: Ƙudan Dawa da na Kankana

Tambaya: Bana na makara da shukar dawa. Tana sati uku sai ganyen tsakiya ya riƙa bushewa, na gefe kuwa shar. In na ja shi sai ya zare, gindinsa a ruɓe har da wari. Na yi feshi, shiru. Me ke faruwa?
Manomi daga Funtuwa

Amsa: Malam, aikin wani ɗan ƙuda ne mai ruwan toka, bai kai ƙudan gida ba. Yana saka farin ƙwai ɗai-ɗai a bayan ganye daga sati ɗaya zuwa huɗu da tsirowa. Cikin kwana biyu zuwa uku tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta gangara cikin tsiron ta datse zuciyarsa. Warin nan da ƙanƙantar shukar su ke bambanta shi da tsutsar kara, wadda ta fi kama dawar da ta tasa, ta huda ganye.

Kafin ka ga ganye ya bushe an riga an yi ɓarnar, feshin nan asarar kuɗi ce. Kuma ƙudan yana kammala rayuwarsa cikin kamar sati uku, don haka wanda ya hayayyafa a gonakin da suka riga ka duk a kanka ya sauka.

Yanzu tuge waɗanda suka kamu ka ƙone, kada ka yar a kunya. In danshi da taki sun wadata, wasu da suka kamu ba ka tuge ba za su yi 'ya'ya daga gindi, sai dai zangarniyarsu ƙanana ce kuma ba ta nuna tare. Baɗi ka shuka da zaunawar damina, lokaci guda da maƙwabta, ka ƙara yawan iri don ka rage daga baya. Ka cuɗa irin da maganin iri mai suna Apron Star, leda mai giram 10 ga kilo 4, bayan ka ɗan yayyafa ruwa. Sa safar hannu, ragowar kuma ko kaji kada su ci.

Tambaya: Kankanata na ruɓewa tun tana ƙarama, ciki duk tsutsa.
Mai lambu daga Haɗeja

Amsa: Ƙudan 'ya'yan itace ne ke huda ɓawo ya saka ƙwai. Tsutsar in ta ƙoshi ƙasa take shiga ta rikiɗe, shi ya sa barin ruɓaɓɓu a lambu kiwon ƙuda ne. Tsince su duk kwana biyu, ka ƙulle a baƙar leda a rana har sati, ko ka binne a rami mai zurfin rabin mita. Tarkon da ake rataya wa mangwaro ba ya jan wannan, kada ka saya.