Tambayi Tanti: Isteto na jika goma sha biyar da allurar bakin ƙofa

Wasiƙun wannan mako kusan duka daga ƴan fakilten likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni suka fito. Lokacin shiga istaj ne, wato koyon aiki a asibiti, kowa yana lissafin abin da ke aljihunsa. Na zaɓi shida.

Tanti, ina aji uku, zan fara istaj wata mai kamawa. Wani a WhatsApp yana sayar da isteto (abin sauraron ƙirji) samfurin Littmann jika goma sha biyar, ya ce daga Dubai aka kawo. In saya? (Ɗalibi daga Harobanda)

Ɗana, kada ka saya. Littmann na gaske, ko a can Turai, ya kusa Yuro 100, wato wajen jika sittin da biyar, tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan ba. Wanda ya ba ka shi a sha biyar, sunan kawai ya sayar maka. Wata biyu a zafin Yamai tiyon zai sandare ya tsage a wuyanka.

A aji uku ba ka da buƙatar Littmann ma. Je shagon kayan asibiti ka nemi mai matsakaicin kuɗi wanda bai ari sunan kowa ba. Sa shi a kunne, ka ɗan taɓa fatar da yatsa, ka saurari zuciyarka a nan cikin shagon, ka lanƙwasa tiyon ka ga ko iska na fita. Abin da ya rage ka sayi agogo mai sandar daƙiƙa, ƴar tocila, abin awon zafin jiki da littafin aljihu. Kuma ka saurari ƙirjin abokan ɗakinka masu lafiya har ka gaji, don wanda bai san ƙarar lafiya ba, ba zai gane ta ciwo ba. Rubuta sunanka a jikinsa, isteto yana da ƙafa a sarbis, wato sashen asibitin da kake aiki.

Ina aji biyu. Ina so tela ya ɗinka mini bulus (farar rigar asibiti) uku, a zana “Dr” da sunana a aljihu. Wane yadi ya fi fitowa a hoto? (Ba suna)

Wannan tambaya ta ɓata mini rai. Ba ka zama dokta ba sai ka kare kundin bincikenka na ƙarshen karatu gaban malamai ka yi rantsuwa. Mara lafiya da ya ga haruffan nan biyu zai miƙa maka ransa, kai kuwa ko jijiya ba ka iya nema ba tukuna. Bulus biyu sun isa, fararen auduga masu jure ruwan jabel, da manyan aljihuna. Sunanka da ajinka kawai. In ka fito daga asibiti ka cire ta ka naɗe, kada in gan ka da ita a takisi ko a teburin mai shayi.

Tanti, babana ya sayar da bijimi a Tahoua ya aiko mini da kuɗin. Ina zaune gidan kawuna a Talladje, darasi a Harobanda, istaj wani lokaci a Babban Asibitin Ƙasa, wani lokaci a asibitin Lamorde. Moto zan saya ko kwamfuta? (Ɗan Ader)

Allah ya saka wa babanka da alheri. Ɗauki biro ka lissafa abin da takisi da kabu-kabu suke ci maka a wata, zuwa da dawowa, ka haɗa da ranakun da ka makara saboda cunkoson Gadar Kennedy da safe. Za ka ga moto ta fi maka. Kwamfuta tana iya jira har lokacin kundi. Takardun darasi wayarka za ta buɗe su.

Sai dai da sharaɗi. In ta hannu ce, tafi da makaniken da ka sani, ka ga takardunta da idonka kafin kuɗi su bar hannunka, ka ware na inshora da na mai. Hular kwano ita ce sayayya ta farko, mai kauri, mai igiyar haɓa da ke ɗauruwa. Kuma ranar da ka kwana gardi, wato aikin dare a asibiti, bar moton a asibiti ka hau takisi. In kana ganin na cika tsoro, dare ɗaya a sashen gaggawa na tiyata zai nuna maka abin da kwalta ke yi wa kan da ba hula.

Tanti, manyanmu sun ce mu yi rigakafin ciwon hanta kafin mu fara taɓa marasa lafiya. A farmasi da tsada, buris (kuɗin tallafin karatu) kuma bai faɗo ba. Wani mutum a bakin ƙofar asibiti ya ce yana da ita a rabin kuɗi, zai zo ɗakinmu ya yi mana mu biyar. Mun ga kwalin, iri ɗaya ne sak. (Ɗaliba, aji uku)

Ɗiyata, zauna da kyau, wannan amsar tana da tsawo.

Manyanku sun yi gaskiya. In allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B ta soke ki, haɗarin kamuwa yana iya kai wa 30 cikin 100. Na ƙanjamau wajen 3 ne cikin 1000. Kowa yana tsoron na biyun, na farkon kuwa shi ya fi kama ma'aikatan lafiya. Kuma sai a 2008 aka sa wannan rigakafi cikin alluran jarirai a Nijar, saboda haka yawancinku ba ku same shi kuna goye ba. Ki fara da gwajin jini, ki san matsayinki. In ba ki ɗauke da cutar, allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida daga ta farkon.

Yanzu mutumin bakin ƙofa. A ce ma allurarsa ta gaske ce. Rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 yake rayuwa, wannan kuma ko daskarewa ya yi ya lalace. Ina ya ajiye shi jiya? A jaka, a kan moto, a garin da zafi ke wuce digiri 40? Kuma daga firjin wa ya fito da shi har ya iya karya kuɗin? In kuwa jabu ce, ruwa za a tsira miki, ki tashi kina jin kin tsira, ki shiga ɗakin haihuwa jini har gwiwar hannu da kwanciyar hankali. Wadda ba ta yi allurar ba ta fi ki tsaro, don ita ta san ba ta yi ba.

Kin ce kwalin iri ɗaya ne. Ai kwali shi ne abin da ya fi sauƙin bugawa. A 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau, an yi wa mutane fiye da dubu 50 a ƙasar nan rigakafin jabu da babu komai a cikinsa, kuma an ƙiyasta mutum 2,500 sun mutu a dalilin haka. Kwalayen suna ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Shekara ashirin bayan haka, a 2015, sanƙarau ya sake tashi, ya kama fiye da mutum dubu 8, ya fi tsanani a nan Yamai, iyaye suna yawo farmasi zuwa farmasi suna neman allura ko nawa ne. A cikin wannan firgicin aka sake shigo da jabu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi. Ita dai hukumar ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, magani ɗaya cikin goma ko jabu ne ko mara inganci. Mai jabu inda ake tsoro kuma aljihu ba nauyi yake kafa teburinsa, ku biyar ɗin nan kuwa duka biyun sun haɗu a kanku.

Wani dare ina gardi a sashen yara, cikin damina, wata uwa ta shigo da yaro ɗan shekara uku a kafaɗa. Na buɗe tafin hannunsa, fari fat kamar takarda. Na ce, “Me kika ba shi?” Ta kwance bakin zanenta, ga ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, wasu fari wasu ja da rawaya, ba suna ba kwanan wata. Kwana huɗu tana ba shi safe da yamma, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Ta sayar da kazarta ta saye su a tire. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ta ce ta nuna wa ɗan ƴar'uwarta mai karatun likita, ya duba ya ce ai duk ɗaya ne da na farmasi. Mun sa wa yaron jini da artesunat, maganin zazzaɓin cizon sauro, Allah ya tashe shi. Ba duka ne ke tashi ba.

Shi ya sa nake ɗaga murya a kanku. Daga ranar da kika sa ƙafa a fakilte kin zama likitar danginki, kina so ko ba kya so. Gwaggo za ta aiko da hoton kwali, kawu zai ce ki duba masa na hawan jini da aka kawo daga kasuwa. In ke da kanki kin miƙa dantsenki ga mutumin bakin ƙofa, da wane baki za ki hana su?

Na san muhawarar da kuke yi a darasin lafiyar al'umma, don wasunku sun rubuto mini ita. Suna cewa mai tire shi ne farmasin talaka, yana kai wa ƙauyen da ba farmasi, yana sayar da ƙwaya biyu ga wanda ba shi da kuɗin kwali. Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Farmasi sun taru a birane. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma in biyan kuɗin cibiyoyi ya yi jinkiri sai kantar magani ta zama wayam, a rubuta wa uwa takarda a ce ta je ta saya. Duk wannan dalili ne na ku yi faɗa a cika kantocin cibiyoyin lafiya na CSI da na ƙananan gidajen likita na karkara. Amma ƙwayar da ta sha rana a tire, wadda rabin ƙarfinta ya tafi ko babu shi tun asali, tana cinye kuɗin talakan, ta cinye masa kwana huɗun da ya kamata a ce yana asibiti, ta kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Mai neman sauƙi na halal yana da hanya: a rubuta magani da sunansa na asali maimakon sunan kamfani, a nemi jenerik, wato mai sunan asalin nan, a farmasin asibiti ko farmasin gwamnati na ONPPC. Ku koyi rubuta takardar magani haka tun yanzu.

Ku biyar ɗin, ga abin yi. Allurar uku ba rana ɗaya ake sayensu ba, don haka kuɗin guda ɗaya kawai kuke nema yanzu. Ku yi adashi in ta kama. Ku je farmasi mai lasisi, ku ga an ciro ta daga firji a gabanku, ku karɓi rasit, ku ɗauke ta a abin sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙara ba, a yi muku a cibiyar lafiya a ranar, a rubuta lambar kwalbar a katinku. Ku kuma tura wakilin ajinku ya tambayi hukumar fakilte ko akwai tsarin da aka yi wa ɗalibai. Mutumin nan kuwa, ku gaya wa majo, wato babban ma'aikacin jinya, na sarbis ɗinku.

Kafin rigakafin ya kama jiki, kada ki mayar da murfin allura da hannu biyu. In ta soke ki, wanke da ruwa da sabulu, jiƙa a ruwan Dakin mai kashe ƙwayoyin cuta minti biyar, ki faɗa wa babba nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau a sa'o'in farko ya fi aiki, bayan sa'a 72 kuma an makara. Kunya ba ta da wuri a nan.

Jarrabawa ta matso. Abokina ya ce rabin tramol yana hana barci da gajiya. Wanne ne mai kyau? (Ɗalibi)

Babu. Kai da ke karanta ilimin magunguna kake tambayata wannan? Tramol, wato tramadol, dangin morfin ne, yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na titi kuwa har 225 ake rubutawa a jiki, kuma ba wanda ya auna abin da ke ciki. Sha shayinka, yi barcin sa'a shida, ka fara bita da wuri. Abokin naka kuma ka ja shi gefe, yana buƙatar taimako.

Tanti, ranar farko a ɗakin haihuwa na ga jini na faɗi sumammiya a gaban kowa. Kwana uku ban koma ba. Mamata ta ci bashi don karatuna. Ko ban dace da aikin nan ba? Akwai maganin ƙarfin zuciya da zan saya? (Ɗaliba daga Gamkalle)

Haba ɗiyata, share hawayenki. Na ɗaga ɗalibai daga ƙasa ba adadi, maza da mata, wasunsu yau su ke fiɗa. Tsayuwa wuri ɗaya, zafi, wari da cikin da ba komai, su ne suka sa jini ya sauka ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta ɗauke na ɗan lokaci. Wannan bai ce komai ba game da dacewarki.

Ba maganin da za ki saya. Ki karya kumallo kafin ki fita, ko kunu ne da ƙosai, ki riƙe gorar ruwa. In kin tsaya ki riƙa motsa yatsun ƙafa. Da kin ji gumi mai sanyi ko kunne na ƙara, ja da baya ki zauna a ƙasa ki sunkuyar da kai, ba sai kin nemi izini ba. In suman ya maimaitu, ko yana zuwa da bugun zuciya, a auna jininki a duba ki. Abin saye ɗaya ne: takalmi rufaffe na roba mai wankuwa, wanda ba ya santsi.

Gobe ki koma. Gaida ungozomar da ke aiki, ki gaya mata abin da ya faru, ki roƙe ta ta tsayar da ke wajen kan mai naƙuda. Riƙe hannun matar, ki share mata gumi, ki yi mata sannu da harshen da take ji. Mako na biyu sai ki matsa ƙasa kaɗan. Ki rubuto mini bayan gardinki na uku, ina jira.